Girgizar Ƙasa Mai Zurfi: Tambayoyi da Amsoshi

Mu nan Tawa ba mu saba jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarmu ba, alhamdu lillahi. Amma da wuya ka shiga gida a Adar ka tarar ba su da wani a waje: ɗan ci-rani a Aljeriya ko Libiya, ɗalibi a Maroko ko Turkiyya, ɗan kasuwa mai zuwa Sin saro kaya. Shi ya sa tun 2023, da girgizar ƙasa ta ragargaza kudancin Turkiyya da arewacin Siriya a watan Fabrairu, ta Maroko kuma ta biyo baya a Satumba, labarin girgiza ya zama abin kasa kunne a fada da wurin mai shayi. Abin da na lura da shi, in mai karanta labarai ya ce "maki 7", wato ma'aunin girman girgizar, kowa sai ya ɗauki salati. In ya ƙara da "a zurfin kilomita 500", sai maganar ta bi iska. Alhali lamba ta biyun nauyinta ɗaya da ta farkon, wani lokacin ma ta fi ta. Waɗannan tambayoyi daga bakin ɗalibaina da abokan hira na tattaro su.

Malam, in an ce zurfin girgiza, zurfin me ake nufi?

Kowace girgiza tana da inda ta faro, wato wurin da dutse ya fara ɓallewa ya zame a jikin ɗan'uwansa. Nisan da ke tsakanin wurin nan da doron ƙasa shi ne zurfin, kuma masana sun kasa shi uku. Daga sama zuwa kilomita 70, girgizar sama-sama ce, ita ta fi yawa. Ta Turkiyya da ta Maroko duk a nan suke, ko kilomita 30 ba su kai ba. Daga 70 zuwa 300, matsakaiciya. Daga 300 zuwa wajen 700, mai zurfi. Daga nan kuma sai shiru.

Hanyar mota daga Yamai, ta Doso da Birnin Ƙonni, zuwa Tawa, kilomita 550 ce ko kusa da haka. Da za a miƙar da ita a soka ta cikin ƙasa a tsaye, da ba ta kai inda wata girgizar ke tasowa ba. Ramin da ya fi kowane zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, na Kola a arewacin Rasha, kilomita 12 ne da ƴar ɗoriya.

Tunda ba wanda ya taɓa zuwa can, ta yaya aka san zurfin?

Ta lokacin da kaɗawar ke isa ga na'urori. Idan dutse ya ɓalle, kaɗawa takan bazu ta ko'ina. Wata takan miƙe kai tsaye zuwa na'urar da ke nesa. Wata kuma sai ta fara hawa sama, ta bugi doron ƙasa daidai kan wurin, sannan ta juyo ta bi sahun ta farko. Ratar da ke tsakanin isowar su biyun ita ke faɗin zurfin: in ta yi tsawo, to daga can ƙasa abin ya taso.

Wani masani na Oksfod a Ingila, Herbert Hall Turner, ya kawo maganar a 1922, amma mutane da yawa ba su yarda ba. Kiyoo Wadati na Japan ne ya kafa hujja a 1928 da alƙaluman na'urorin ƙasarsa. Daga baya ya nuna cewa wuraren da girgizar ke tasowa a jere suke, layi guda a karkace, daga bakin teku suna gangarawa ƙarƙashin nahiya. Hugo Benioff na Amurka ya faɗaɗa aikin, shi ya sa har yau ake kiran layin da sunan su biyu, Wadati da Benioff.

To me ya sa masana ke ɗaukar ta abin mamaki? Ai girgiza girgiza ce.

A nan gizo ke saƙa. Bisa duk abin da aka sani game da dutse, bai kamata ya karye a wannan zurfin ba.

Ku tsaya wurin maƙeri ranar kasuwa ku kalla. Busasshen ƙarfen mota, in yana da sanyi aka matsa masa, ƙas zai yi ya karye. Yaro ya ja zuga-zugi, gawayi ya ɗauka, ƙarfen ya yi ja, maƙerin ya ciro shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera: yanzu kuwa sai yadda masaɓa ta yi da shi, ya lanƙwashe, ya miƙe, ba ƙara ba tsagewa. Dutse ma haka yake. A sama inda yake da sanyi, yakan jure har ya gaji, sannan ya karye farat ɗaya, karyewar nan ita ce girgiza. A can ciki kuwa, wajen kilomita 600, zafi ya kai digiri 1,500 ko kusa da haka. Dutsen bai narke ba, amma ya yi laushin da zai riƙa malala sannu a hankali, santimita kaɗan a shekara.

Sannan ga nauyi. Matsin da ke wannan zurfin ya ninka na iskar da ke kanmu wajen sau 200,000. Ko da akwai tsohuwar tsaga a wurin, nauyin ya danne gefunanta biyu ya manne su ta yadda zamewa ba za ta yiwu ba. Zafi ya hana karyewa, matsi ya hana zamewa, amma ga na'urori suna rubuta girgiza mai maki 8 daga can. Ruwa ba ya tsami banza, dole akwai wata hanya daban da dutsen ke bi.

Ko'ina a cikin ƙasa take aukuwa?

A'a, kuma wannan shi ne kan zaren. Ɓawon duniya a tsattsage yake, faranti-faranti, suna tafiya a hankali. A wasu gaɓoɓin teku, farantin ƙasan teku, wanda ya tsufa ya huce ya yi nauyi, yakan sunkuya ya shige ƙarƙashin maƙwabcinsa, ya nutse kamar harshe cikin tsokar duniya, wato dutsen mai zafi da ke ƙarƙashin ɓawon. Kusan duk girgiza mai zurfi a cikin irin wannan harshen take: ƙarƙashin Japan, Kamchatka ta gabashin Rasha, Indonisiya, Filifin, yammacin Kudancin Amurka, da yankin tsibiran Tonga da Fiji a tekun Pasifik, inda wajen kashi biyu cikin uku na masu zurfin duniya ke aukuwa.

Dutse ba ya ɗaukar zafi da sauri. Maƙerin nan ya san ƙarfe mai kauri yakan yi ja ta waje alhali cikinsa bai nuna ba. Harshen faranti kaurinsa kan kai kilomita 100, saboda haka yakan yi miliyoyin shekaru yana nutsewa, cikinsa na nan da sanyi, ƙasa da abin da ke kewaye da shi da ɗaruruwan digiri. Gwargwadon tsufan faranti da saurin nutsewarsa, gwargwadon nisan da sanyin zai kai. Sanyin ya magance matsalar zafi. Saura ta matsi, kuma amsarta ta bambanta tsakanin matsakaiciya da mai zurfi.

Bari mu fara da matsakaiciya. Me ke kwance dutsen?

Mafi yawan masana sun fi karkata ga ruwa. Lokacin da faranti ke lanƙwasawa a bakin kwazazzabon teku, bayansa yakan tsattsage, ruwan teku ya kutsa ta tsagogin ya shiga kilomitoci. Ruwan ba ya zama a matsayin ruwa. Haɗuwa yake da dutsen ya zama wani ma'adini mai suna sarfantin, wanda wajen kashi 13 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne a ɗaure. Faranti ya ci gaba da nutsewa da kayansa. Da zafi ya kai digiri 600 zuwa 700, sai ma'adinin ya saki ruwan. Ruwan ba shi da mafita, sai ya cika ƴan ƙofofin dutse, ya tokare nauyin da ke danne da tsagar. Da zarar dannin ya ragu, tsagar ta samu sararin zamewa. Tun 1965 Raleigh da Paterson suka ga haka a ɗakin gwaji a Ostareliya: sarfantin mai lanƙwasuwa, da aka gasa shi har ya saki ruwansa, sai ya koma mai karyewa. Wannan ruwan dai shi ne ke hawa sama ya narkar da dutse, shi ya sa duwatsu masu aman wuta ke jere a kan irin waɗannan wurare.

A arewa maso gabashin Japan, Akira Hasegawa da abokan aikinsa sun gano a 1978 cewa layin girgizar biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, da ratar kilomita 30 zuwa 40 a tsakani, abin da ya ƙara wa masu maganar ruwa ƙwarin gwiwa game da inda ma'adinai ke sakin abin da suka riƙe.

Akwai bayani na biyu, kuma ni a ganina ba kishiyar na farko ba ne. Idan dutse mai laushi ya fara gocewa a wani siririn layi, gugar takan haifar da zafi. Zafin ba ya samun ficewa da sauri, sai ya ƙara tausasa layin. Layin ya ƙara sauri, zafi ya ƙaru. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa har cikin ƙiftawar ido ya zama zamewa mai girgiza ƙasa. Ana yawan kawo wannan bayani game da wasu wurare uku da girgiza ke taruwa a ɗan ƙaramin fili tana maimaituwa: Bukaramanga a Kolombiya, Hindu Kush a Afganistan, da Farancha a Romaniya.

Mai zurfin fa? Ai kafin kilomita 500 ruwan ya ƙare.

Mai wannan tambaya ya bi karatun da kyau. In aka jera yawan girgiza bisa zurfi, za a ga tana raguwa tun daga sama har wajen kilomita 300, inda ta yi ƙaranci ƙwarai. Maimakon ta ƙare, sai ta sake yawaita, ta kai ƙololuwa tsakanin 550 da 600, sannan ta yanke kwatsam kafin a wuce 700 da nisa. Wannan tashi na biyu yana nuna wani sabon abu ne ya shigo.

Ma'adinin da ya fi yawa a saman tsokar duniya sunansa olibin, kore ne mai ɗan sheƙi. A wajen kilomita 410, matsi yakan tilasta masa sake tsarin ƙwayoyinsa ya koma wani siffa mafi cunkushewa. A wajen 520 ya sake wani. Amma sauyin yana son zafi. A cikin harshe mai sanyi, olibin yakan wuce iyakarsa bai sauya ba, ya ci gaba da nutsewa a tsohuwar siffarsa, a takure, yana jiran abin da zai taɓa shi. Stephen Kirby ya kawo shawarar cewa a nan girgizar take. Harry Green da Pamela Burnley a 1989 suka matse wani ɗan'uwan olibin a ɗakin gwaji suka ga yadda abin ke gudana: sabon ma'adinin yakan fara fitowa a ƴan ƙananan tabo masu siffar ƙwayar ido, ƙwayoyinsa sun fi gari laushi, ba su da riƙo. Tabon suka yi yawa, suka haɗe suka zama layi guda, sai dutsen ya zame a kansa. Sauyin kansa yana fitar da zafi, zafin kuma yana hanzarta sauyin da ke gabansa.

Wannan bayani ya burge ni saboda ya amsa tambaya biyu a lokaci guda: me ya sa girgiza ke dawowa bayan kilomita 300, kuma me ya sa take yankewa. A wajen kilomita 660 ma'adinan kan sake rikiɗa gaba ɗaya zuwa wasu iri, sauyin nan kuma shan zafi yake yi maimakon fitar da shi, saboda haka ba ya iya rura kansa.

Ashe ke nan rugujewa ce ta ciki, kamar rami ya rufta?

An daɗe ana zaton haka, tunda sabon ma'adinin ya fi tsohon ƙanƙanta. Amma kaɗawar da na'urori ke kamawa ta nuna zamewa ce, gefe yana goce wa gefe, irin ta girgizar sama. Ruftawar, in ma akwai ta, ƴar kaɗan ce.

Ina ƙarfin yake tafiya idan ta ɓalle?

Ƙarfin da ya taru a dutse gida uku yake rabuwa: wani ya tafi wajen yage dutsen, wani ya zama zafi a kan tsagar, sauran ya fita a matsayin kaɗawar da muke ji. Yadda ake rabon ne ya bambanta, kuma manyan girgiza biyu sun nuna bambancin ƙarara.

Ranar 9 ga Yuni 1994, ƙarƙashin Bolibiya, a zurfin da ya haura kilomita 630, aka yi mai maki 8.2. An ji ta har Toronto a Kanada. Da aka bi diddiginta, sai aka tarar tsagar ba ta da faɗi, kilomita 40 zuwa 50 ne kowane gefe, kuma yagewar tafiyar hawainiya ta yi a ma'aunin girgiza, wajen kilomita 1 a daƙiƙa. Hiroo Kanamori da abokan aikinsa sun lissafa a 1998 cewa abin da ya fita a matsayin kaɗawa bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙarfin ba. Kusan duka zafi ya zama, zafin da ya isa ya narkar da siririn layi na dutse a kan tsagar, narkakken kuma ya zama santsin da zamewar ta ci gaba a kansa.

Ranar 24 ga Mayu 2013, ƙarƙashin tekun Okhotsk a gabashin Rasha, a zurfin wajen kilomita 600, aka yi mai maki 8.3, mafi girma a cikin masu zurfi da aka taɓa aunawa. Ita kuma tsagarta doguwa ce, wajen kilomita 180, ta yage da gudun kusan kilomita 4 a daƙiƙa, kaɗawar da ta fitar ta ninka ta Bolibiya wajen sau uku. An ji ta a Mosko, nisan da ya wuce kilomita 6,000. Wata ƙarama mai maki 6.7 da ta biyo bayanta gudunta ya kai wajen kilomita 8 a daƙiƙa.

Makinsu kusan ɗaya, zurfinsu kusan ɗaya, halinsu ya sha bamban. Dalilin da ake bayarwa shi ne zafin harshen. Farantin da ke ƙarƙashin Okhotsk tsoho ne mai sanyi, yana da isasshen olibin da bai sauya ba, sai yagewar ta bi ta cikinsa a guje. Na ƙarƙashin Bolibiya ya fi ƙuruciya da ɗumi, cikinsa mai sanyin siriri ne, tsagar ta fi shi faɗi. Saboda haka masana da dama na ganin da sauyin ma'adini ta faro, sannan narkewa ta karɓa ta ƙarasa. A jimlace kuma, mai zurfi takan gama yagewa da sauri fiye da ta sama mai maki irin nata, ta sauke ƙarfi mai yawa a ƙaramin fili.

Ɗana yana waje. In na ji an yi mai maki 7 a ƙasar da yake, hankalina ya tashi ke nan?

Hajiya, Allah ya tsare mana su. Abu biyu za ku saurara bayan makin: zurfin, da nisan wurin daga garin da yake. Kowane maki ɗaya da ya ƙaru, ƙarfin yakan ninka wajen sau 32. Bisa wannan lissafi, ta Okhotsk ta fi ta Maroko mai maki 6.8 ƙarfi fiye da sau 150, amma ba ta rushe gari ba, ta Maroko kuwa ta ci rayuka kusan 3,000. Wanda ke tsaye daidai kan mai zurfin kilomita 600, to kilomita 600 ne tsakaninsa da ita. Kuma irin kaɗawar da ke birgima a doron ƙasa tana jijjiga gini, mai zurfi ba ta cika haifar da ita ba. Sai dai a ji ta a faɗin ƙasa mai yawa: ta 30 ga Mayu 2015 a tsibiran Ogasawara, mai zurfin fiye da kilomita 660, an ji ta a dukkan larduna 47 na Japan.

Amma kada a ɗauki wannan a shafa wa matsakaiciya, ita tana kisa. Ranar 4 ga Maris 1977, ta Farancha, mai zurfin wajen kilomita 90, ta hallaka fiye da mutum 1,500, mafi yawansu a birnin Bukares, inda dogayen gine-gine suka zube. Ta Hindu Kush ta 26 ga Oktoba 2015, maki 7.5, zurfinta ya wuce kilomita 200, duk da haka ta kashe kusan mutum 400 a Afganistan da Pakistan, yawanci a gidajen laka da dutse. Ita matsakaiciya tana da nisan da zai sa ta game ƙasa mai faɗi, ba ta kuma yi nisan da ƙarfinta zai mutu a hanya ba.

Tana da ƴan rakiya? Tana tayar da igiyar sunami?

Ƙananan girgiza masu biyo baya sukan yi ƙaranci ƙwarai idan aka gwada da ta sama, musamman a harshe mai ɗumi. A mai sanyi irin na Tonga sun fi yawa. Sunami kuwa sai an ɗaga ƙasan teku farat ɗaya, abin da mai zurfin ɗaruruwan kilomita ba ta yi. Ta Fiji ta 19 ga Agusta 2018 maki 8.2 ce, a ƙarƙashin teku, amma ba ta kawo ambaliya ba.

Ana iya sanin ranar da za ta zo?

Babu wata hanyar kimiyya da ke faɗin rana da sa'a, ga ta sama ko ga mai zurfi. An san wuraren, an san irin girman da za su iya kaiwa, iyakarta ke nan. Duk saƙon WhatsApp da ya ce ranar kaza ƙasa za ta girgiza a gari kaza, kada ku tura shi gaba. Tsoratar da iyaye kawai yake yi.

Mu fa a Nijar?

Babu harshen faranti da ke nutsewa a ƙarƙashinmu. A tsakiyar farantin Afirka muke, nesa da gefunansa. Yammacin Yamai, wajen Liptako, tsohon dutse ne da ya daɗe da natsuwa, Tawa kuma tana kan shimfiɗar yashi da laka da farar ƙasa ta kwarin Iwillimmeden da ke kwance a kan irin wannan tushe. Girgizar da ta taɓa yin ɓarna a yammacin Afirka, kamar ta Akara a Gana a 1939 da ta arewa maso yammacin Gini a Disambar 1983, duk na sama-sama ne.

Mai zurfi sosai da ta fi kusa da mu tana ƙarƙashin kudancin Sifen, wajen Granada, tsallaken teku daga Maroko. A ranar 29 ga Maris 1954 an yi mai maki 7.8 a can, a zurfin wajen kilomita 630, wata mai maki 6.3 ta sake aukuwa kusan wuri ɗaya a Afrilun 2010. Guntun wani tsohon faranti ne da ke rataye a wurin kusan a tsaye.

Natsuwar ƙasarmu ita ta sa ta zama wurin sauraro mai kyau. A Torodi, kudu maso yammacin Yamai, an kafa tashar na'urorin auna girgiza, ɗaya daga cikin manyan tashoshi 50 na tsarin duniya mai sa ido kan gwajin makaman nukiliya. Zurfi yana cikin abubuwan farko da masu wannan aiki ke dubawa, domin duk kaɗawar da ta taso daga kilomita 100 ko 600 an san ba hannun mutum ba ne. Kaɗawar mai zurfi kuma takan iso na'ura a tsabtace, ba ta ratsa tarkacen ɓawo a mafarinta ba, shi ya sa ake amfani da ita wajen leƙa cikin duniya. Da rubutun girgizar Bolibiya ta 1994 ne masana suka nuna a 2019 cewa iyakar nan ta kilomita 660 ba a shafe take ba, tana da tudu da kwari.